Mai Rabon Ruwa

A ƙauyenmu, can ƙarƙashin duwatsun Oman,
ruwan sama baƙo ne, sai jefi-jefi.
Namu daga cikin dutse yake fitowa, ta siririyar magudana,
kowace gonar dabino da lokacinta,
inuwar wata sanda ce ke rabawa.

Kakana Halfan shi ne mai rabon.
Shekara arba'in yana duban inuwa da rana,
da dare ya dubi taurari.
Hakiya ta ci idonsa na hagu,
amma ƙauye ya shaida,
a hannunsa ba a tauye rabon kowa.

Ina da shekara sha uku na zo masa da gudu,
ina huci, ƙafata duk taɓo.
Na ce, "Gidan Musallam sun sace mana ruwa!
Rabonmu ya iso kamar fitsarin ɗan akuya."
Bai ɗago ba. Igiyar kaba yake tufkawa.

Ya ce, "Ka gan su?"
Na ce, "Ban gani ba, amma kowa ya san halinsu."
"Kowa wa? Kira min mutum biyu."
Na kira ɗaya.
Shi ma ɗin a bakina ya ji maganar.
Tun daga yatsun ƙafa kunya ta fara hawa.

"To, in an saci ruwa, ina yake zuwa?"
"Gonar ɓarawo."
"Gonar da ta sha rabo biyu, yaya ƙasarta take?"
Na je na leƙa ta kan katanga.
Ƙasarsu ta tsattsage kamar diddige mai faso,
'yarsu Shamsa na tsugune tana tsine wa gidanmu,
wai mu ke karkatar da ruwa da tsakar dare,
sa'ad da ba mai dubawa.

Na dawo a gajiye. Na so ya faɗa min kawai.
Ya miƙo min dabino uku, ya ce,
"In ku biyun duk ƙishi kuke ji,
tsakaninku da dutse, wa ke sha ba ya godewa?"

Muka bi magudanar, ni da Shamsa, ba mai ce wa wani uffan,
ita a wancan gefe, ni a wannan.
Bayan tsohon masallaci, inda ƙafa ba ta bi,
muka tarar da ciyawa shar a inda ba a yi shuka ba,
kwaɗi na ta biki.
Saiwar magarya ce ta fasa siminti ta shige,
wata nawa tana sha, ba mai ganewa.

Da yamma na ce, "Kaka, ai ka sani tun farko."
Ya ce, "Na yi zato. Zato ba sani ba ne.
Da na faɗa maka, da tsaga ɗaya ka sani,
magudanar nan kuwa tsagarta ba ta ƙarewa."

Sai Shamsa, wadda ba a sa bakinta ba, ta ce,
"Ranar da hadari ya rufe rana, babu inuwa,
da me kake rabon? Wa ya ce daidai ne?"
Tsohon ya ajiye igiya.
Ya daɗe shiru, har akuya ta zo ta ja gefen rigarsa.
Ya ce, "Da kintace nake yi, 'yata.
Shekara arba'in, ba wanda ya tambaye ni.
Zauna nan. Ke da me za ki yi?"
Ban taɓa ganin fuskarsa da irin wannan washewa.

Yau agogo ke rabon, sanda na jingine a lungu.
Littafin ruwa na hannuna, Shamsa na koyarwa a Nizwa.
Jiya ɗana ya shigo da gudu, yana huci.
Amsa ta taso min har kan harshe,
na haɗiye ta da ƙyar, kamar ƙwallon dabino,
na ce, "Ka gani da idonka?"
Ya tsaya cak, yana sosa ƙeya, yana tunawa.