Yatsa Ba Ya Karatu

Ranar Laraba takardar ta iso Kurna.
Yaron maƙwabta ya miƙo ta ta kan katanga,
hannuna duk ƙullun ƙosai,
na riƙe ta da yatsu biyu kamar wutsiyar ɓera.

Nafi'u ya karanta, ya sake karantawa.
Ya ce, "Inna, tallafi suke so a mayar.
Na wata bakwai."

Shi ne cikon da asusun lafiya ke yi mana,
mu ba da kaɗan, su ɗora sauran,
tun shekarar da mahaifinsa ya rasu
ya bar ni da hawan jini
da fararen ƙwayoyi, ɗaya da safe, rabi da dare.

Ni dai ban ɗauki na kowa ba.
A watan Rajab ne yaro ya samu aiki
a kamfanin roba a Sharaɗa.
Albashin farko ya zama rabin buhun shinkafa,
na biyu ya toshe kwanon da ke yoyo a kan gadona.
Muka ci nama ranar da ba Sallah ba.
Wa ya tuna da layin ƙasan fom,
baƙaƙe ƙanana kamar jerin kiyashi,
wai in samun gida ya ƙaru, a sanar?
Na dangwala a kai, ban musa ba.
Amma yatsa ba ya karatu.

Adaidaita biyu na hau kafin ofis.
Malama Uwani ta gyara tabarau,
ta juyo min da fuskar na'ura kamar zan gane.
Na ce, "'Yar nan, tun watan jiya aka sallame shi.
Dizal ya yi tsada, sun kashe inji guda,
su goma sha ɗaya suka dawo gida.
Na'urarku ta ga shigarsa,
ina take ranar da ya fito?"

Ta yi shiru.
Ta ce, "Baba Larai, wannan sabon fom ne, na gaba.
Na baya kuwa bashi ne."

Na buɗe baki zan zazzage mata duk abin da ke raina,
sai na ji tari a bayana.
Wani dattijo a kan benci,
ƙafarsa kumbure, ta fi ƙarfin silifa,
riƙe da hotuna biyu a leda,
wata na huɗu yana jiran gurbi.
Ashe rijiya ɗaya ce.
Na yi wata bakwai ina ja da gugan wani,
ban sani ba.

Bakin ya rufu da kansa.
Ba wai fushin ya tafi ba,
zama ya yi a gefena har muka gama lissafi:
dubu uku duk wata,
har damina ta zo ta wuce.

Yanzu akwai gwangwanin madara a bayan kwalla.
Cinikin farko na kowace safiya ba nawa ba ne,
kafin mai ya yi baƙi na jefa musu nasu.
Nafi'u na koyon gyaran waya a Farm Centre,
ba albashi, sai abin shan ruwa.

Jiya akuyata ta haifi biyu.
Na tsaya a kansu da tocila,
suna rawar ƙafa, uwar na lasa,
na ce, "Nafi'u, ɗauko biro.
Wannan ma a rubuta musu,
ko sai an yaye su?"