Jan Biro

Haliru ya shigo bayan la'asar
da littafi mai shafi arba'in a hammata,
gumin Sakkwato ya jiƙe masa bango.
Ya ce, "Inna, harshe na ƙera,
Zirmanci sunansa. Ki duba mani."

Shekara talatin da ɗaya
na yi ina gyaran rubutun 'ya'yan mutane
a firamaren Rijiyar Ɗorowa.
Na lalubo jan birona a gwangwanin allura,
na goge tabarau da bakin zane.

Na ce, zaurance ne?
Ya ɓata fuska. To, na tuba.

Jam'inka duka da "ku" yake ƙarewa,
kamar sojoji a fareti.
Harshe ba ya jin magana haka, yaro.
Dubi doki, ya koma dawaki,
akuya ta zama awaki,
ba wanda ya nemi izininmu.
Saki uku ko huɗu su yi taurin kai.

Ina karin sautin?
Kuka a bakin rijiya daban,
kuka a gidan makoki daban.
Naka kalmomin a kwance suke
kamar fatar da aka shanya a Maɗunka.

Karanta mani wannan.
Ya rubuta "pala", ya ce "hwala".
Dariya ta kusa kayar da ni daga tabarma.
Ka gina sabon gari, Haliru,
amma harshenka bai bar Sakkwato ba.
Kada ka gyara wannan. Bar shi.

Kalma tara ka ba tauraro,
zafin rana ko ɗaya.
Babu ta tayin kaya, babu ta cin bashi.
Mutanen nan naka, me suke ci?
Da me suke zagin akuyar maƙwabta?

Sai na zo kan wakilin suna.
Akwai "ni", akwai "shi", akwai "su".
Na juya shafi, na sake juyawa,
na duba har bayan bango.
Ina "kai"? Ina "ke"?

Ya sunkuya yana tsinkar bakin tabarma.
Ya ce, "Ban buƙace su ba tukuna.
Ni kaɗai ka yin shi."

Biron ya tsaya a hannuna.
Ladanin unguwa yana gwada lasifika,
wata 'yar talla ta wuce da kiran fura.

Na ce, ƙera "ke" yanzu, ina jira.
Ya ciji yatsa, ya dubi rufi,
ya ce, "Ɗuwai."
Na ce, "Duwai."
Ya ce, "A'a Inna, da lanƙwasa,
kuma ki ja ƙarshen."

Na sake, na sake faɗuwa.
Ya miƙo hannu ya karɓi jan biron,
ya ja layi ƙarƙashin sunana,
ya ce in dawo gobe da gyara.