Kilishi Mai Riga

Nomau ya dawo Talata Mafara
da ɗanɗanon Ostiriya a harshe.
Ya ce wa mahauci: cinyar maraƙi,
a yanka falle-falle.

Ba guduma, sai gindin kwalba.
Ya yi ta bugu har maƙwabta suka leƙo.
Fulawa, ruwan ƙwai,
garin burodin shekaranjiya,
man shanu ya hau tsaki a kasko.

Ya fito ruwan zinari,
lemun tsami na yi masa yayyafi.
"Shinitsal," in ji shi.

Inna Tumba ta juya shi da yatsa:
"Kilishi ne aka sa wa riga?"
Ta gutsura. Ƙurus!
Shiru.

"Miƙo yaji," ta ce,
"na gobe kuma ya fi wannan faɗi."