Na'urar da Ta Ƙi Yin Shiru

Tun da muka fito daga ruwa a Buarcos take kuka.
Na ɗaga ta sama, babu komai sai iska da tsuntsayen teku,
ta ce akwai ƙarfe.
Na kai ta kan busasshen yashi, ta ce akwai.
Na haƙa rami uku, na huɗu don haushi,
ko murfin kwalba ban samu ba.

Shekara shida muna tare da ita a bakin Atilantika.
Kamfani ya rantse ruwa ba ya shigarta,
ni kuma ban taɓa kama ta da ƙarya ba
sai yau.

A gida na shimfiɗa tsohuwar jarida a teburin kicin.
Deolinda ta janye tukunyar kifinta, ba ta ce uffan ba,
irin shirun da ya fi faɗa zafi.

Ruwan famfo tukuna, mai ɗan ɗumi.
Gishiri mugu ne mai haƙuri,
a jiƙe yake shiga, ya bushe a ciki, sannan ya fara ci.
Na wanke sandar gaɓa-gaɓa,
inda ta cije na murɗa a hankali
har yashi ya yi ƙaras, kamar tsakuwa a cikin shinkafa.
Na goge, na kunna.
Kuka.

Sai ɗakin batir.
Na buɗe shi ina riƙe da numfashi,
don ɗigo ɗaya ya isa a yi jana'iza.
A bushe yake.
Na zare zoben robar nan, baƙi, siriri,
wanda duk rantsuwar kamfani ke rataye a wuyansa,
na bi shi da yatsa biyu
ko zan ji tsaga, ko silin gashi, ko ƙwayar yashi.
Lafiyarsa lau. Na shafa masa mai, na mayar.
Sabon batir.
Kuka.

Na bi waya tun daga sama har ƙasa, ina lanƙwasa ina saurare.
Na haska mahaɗa da tocila,
haƙora biyar, babu wanda ya yi kore.
Na rage mata kaifin ji zuwa rabi,
sai ta koma gunaguni, kamar wadda aka hana magana a taro.
Na kashe firiji. Na kashe rediyon Deolinda ana tsakiyar labarai.
Na kashe ƙwan lantarki,
muka zauna a duhu mu uku
muna sauraron ta huɗu.

"Ƙila gajiya ta yi," in ji Deolinda,
"kamar mai ita."

Jikanmu Telmo, ɗan shekara tara, bakinsa cike da burodi,
ya taɓa faifan da ke ƙasan sandar da babban yatsan ƙafa.
"Kaka, ita ba ta cire takalmi?"

Marfin faifan yake nufi.
Rabon da in cire shi tun kafin Ista.
Na sa gindin cokali na ɓamɓare,
sai baƙin yashi ya zubo a kan jarida, cikin tafi guda,
a tsakiyarsa kuma wani abu ya yi tsalle:
karyayyen bakin ƙugiya, ja da tsatsa,
bai kai yankan farce ba.

Ashe tun safe tana ɗauke da shi,
tana faɗa mini,
ina haƙa rami a wani wuri.

Na ɗauraye faifan, na shanya marfin a taga.
Na kunna.
Har numfashin Telmo ana ji.
Deolinda ta zare zobenta, ta wuce da shi a gaban faifan,
na'ura ta amsa sau ɗaya, tsaf,
ta yi shiru.

Ƙugiyar na jefa a kwalbar da nake tara zobba da kwabbai,
ita ma samu ce.
An mayar da firiji, kifi ya riga ya huce.
Gobe ruwa zai janye shida da minti arba'in,
kuma Telmo ya ce shi zai riƙe shebur.