Ruwa Na Komawa Rijiya

Shekara talatin Baba na gyaran injin ban ruwa a Jiratawa.
Da kunne yake gane ciwo:
ya kara shi jikin ƙarfe, ya lumshe ido,
ya ce bawul ne ya cinye, ruwa na komawa rijiya.

Yau ni ke kara kunne a ƙirjinsa.
Babu bugun da na sani tun ina rarrafe,
sai wani zuuu siriri
kamar firjin Sahura mai ƙanƙara da tsakar dare.
Na laluba wuyan hannunsa, jijiya shiru,
shi ko yana kallona, yana tauna goro.

Gonar Tibiri ta tafi, da bijimai biyu,
da kangon Ali Ɗan Sofo da bai kai ga rufi ba.
Aka kai shi ƙetare, aka dasa masa ɗan inji,
waya ta ɓullo kusa da cibiya
zuwa jakar batir da yake ratayawa
kamar mai karɓar kuɗin rumfa.
Damina biyu ya samu.
Ya raɗa wa ɗan Barira suna, ya ɓare sabuwar gyaɗa.

Sai ƙafa ta soma hawa.
Takalmin Juma'a ya ƙi shiga.

Dokta Ma'azu ya juyo mana allo, baƙi da toka,
ya nuna wani ɗan ƙyaure mai ganye uku.
Inji ya karɓe masa aiki, ya ce,
ya daina buɗuwa, ya sandare, bakinsa ya saki.
Jinin da aka tura sai ya zurara ya dawo,
inji ya kwasa, ya sake dawowa.

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ai na san wannan, likita.
Da a gona ne, robar tayar keke zan yanka,
kafin la'asar albasa ta sha.

Ba wanda ya taya shi dariyar.

Cikin dare wuta ta ɗauke.
Na zauna ina ƙirga ƙananan fitilun jaka,
huɗu, uku,
ban san ko godiya zan yi wa wannan abu ba,
da ya bar mini uba
yana kuma gwigwiyar ƙofarsa ta ciki.

Ya farka, matashi uku a bayansa, numfashi guntu-guntu.
Hasiya, ya ce, sifanata mai lamba goma sha uku,
Laminu bai dawo da ita ba.
Gobe ki bi ta shagonsa.