Ƙuri'a a Hular Baba Cindo

A bayan Shika na tsaga gonarsa
gida ashirin da huɗu,
igiya, turaku, lamba a goshin kowane.
Masara iri uku, taki iri biyu,
kowane haɗi sau huɗu.

Ya ce, "Kai sabon irin gindin suri,
can ƙasa ta fi maiƙo."
Na ce, "Abin da nake gudu ke nan, Baba.
Ara mini hularka."
Muka zuba takardu, jikarsa Uwani ta ɗebo,
kada son raina ya yi shuka.

A Agusta awaki suka afka gida na bakwai.
Na rubuta: awaki.
Ban cike gurbin da ƙarya ba.

Da kaka muka rataye sikeli a reshen ɗorawa.
Dare uku ina dambe da lissafi.
Sabon iri ya ɗara, amma da ƙyar,
'yar tazarar da sa'a ma kan iya bayarwa.

"To, wa ya ci?"
"Ban sani ba tukuna."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Sannan ya tuɓe hular, ya kakkaɓe,
ya miƙo mini:
"Riƙe. Wata daminar na tafe."