Jirgin Dinya

A Darak, bayan tashar kifi,
Kawu Tanimu ya ce in kwanta a kan yashi.
Ya zagaye ni da zane, da tsinken kacala,
kamar mai awon kabari.
"Jirgin dinya ba a zama cikinsa," in ji shi,
"rub da ciki ake yi."

Katako uku muka sayo a Kusiri,
ɗaya da ido, aka rage mana jaka biyu.
Gizago ya ci, zarto ya yi ta tari.
Ran Laraba ƙusa ta ƙare,
muka zare tsofaffi daga gawar wani jirgi,
ina miƙe su a bayan gatari.

Auduga a tsaga, kwalta a kai.
Na so shuɗin fenti da sunana a gefe.
Ya ce tsuntsu ma yana karatu,
ya shafe shi da toka da laka.

A goshi ya fafe gurbin bindiga,
ya tokare gindinta da buhun ƙaiƙayi
kada ta haure ni a haƙarƙari.

Kwana sha tara.
Kafin kwalta ta bushe, tafki ya ja da baya.
Muka ɗauke shi a ka, mu huɗu, muna bin sawun ruwa,
kirinjijiya na wucewa ta samanmu
suna yi mana fito.